Mai Karkataccen Fiffike

A Nyeri, ƙarƙashin rufin kwano,
mu ashirin da bakwai ne a kan benci,
kowacce da fitilarta, da ɗan almakashi,
da ƙarfen da ke cije ƙugiya kada ta motsa.
Sunana Wangeci. Ƙarya nake ɗinkawa:
ina yi wa ƙugiya riga
har kifi ya rantse ƙwaro ne.

Zare tukuna, a goga masa kaki.
Wutsiya daga wuyan zakara,
sili biyar, ba shida ba.
Jiki daga gashin kunnen zomo,
a murza shi a zare kamar mai kaɗi da mazari.
Ɗamarar azurfa, zagaye huɗu,
fiffike daga agwagwar ruwa,
zanen zabo a kumatu.
Ƙulli uku, ɗigon mai a ka.
Miƙo na gaba.

Nyaguthii ce ta koya mini,
tana ƙwanƙwasar bayan hannuna da fensir:
"Kada ki ja zare kamar mai bin bashi.
Lallaɓa shi."
Yanzu tana gida, yana ta rufe mata ido,
ko allura ba ta iya zurawa,
amma in na kai mata ƙuda sai ta shafa da yatsa
ta ce, "Kan ya yi kauri."

Dozin goma a wuni, in baya bai ƙi ba.
Kwalaye na tafiya Norway, wasu Scotland,
wurin kifin salmon da ban taɓa gani ba
sai a kalandar ofis, a hannun wani mai jan gemu.
An ce teku yake barowa ya hauro kogin haihuwarsa,
an ce a wannan tafiya ba ya cin komai.
To me yake nema a bakin ƙugiyata?
Na tambayi Gathogo, mai duba aiki.
Ya ce, "Ko fushi, ko tunanin ƙuruciya.
Hannunki ya tsaya."

Ranar Alhamis ya ɗaga guda a gaban tabarau,
ya ce fiffiken ya karkace,
ya wurga shi gwangwani, ya yanke mini shilin biyar.
Da aka tashi na tsince shi,
na soke a wuyan rigar sanyina.

Lahadi bayan coci, ni da ɗana Kimotho
muka gangara kogin Gura ta gonakin shayi,
da sandar gora da zaren roba.
Ruwan nan sanyinsa har ƙashi.
Ya jefa, ya jefa, ya maƙale a reshe,
ya hau ya ciro, ya sake.
Ƙudan ya faɗa a gicciye,
fiffike ɗaya a nutse,
yana juyi kamar ƙwaron da ruwa ya ci ƙarfinsa.
Ban ga kifin ba.
Na ga ruwa ya buɗe baki ya rufe,
sai sandar ta rusuna.

Tirawut ne, bai kai kamu ɗaya ba,
da jajayen ɗigo a haƙarƙari.
Kimotho na ta ihu, ni ina kallon leɓen kifin,
inda ƙullina uku ke zaune daram.
Shekara goma sha ɗaya ina aika wasiƙa,
yau na ga wanda ya buɗe.

Muka soya, muka kai wa Nyaguthii tsakiyar.
Ta ci, ta tsotse ƙaya, ta miƙo hannu.
Na sa mata ƙudan, har yanzu a jiƙe.
Ta shafa, ta daɗe tana shafawa.
"Fiffiken ya karkace."
Na ce haka ne.
"Kan kuma ya yi kauri."

Litinin na koma benci.
Dozin goma, kowanne a miƙe kamar soja,
Gathogo bai sami abin yanka ba.
Da ya juya baya yana amsa waya,
na ɗauki na ƙarshe a kwalin Norway,
na ɗan danne masa fiffike da farce,
na rufe kwalin.